Guntun Haƙori a Gindin Kwalbar Zuma

Kwana da kwanaki Maman yara tana yawo da guntun haƙori ƙulle a gefen zaninta, ta kasa ci, ta kasa barci.

A ɗakin girki ta tsince shi, gindin kwalbar zumar da ta ɓoye bayan tukwane tun da likita ya hana maigidan zaƙi. Murfin duk shatin cizo, zumar ta koma rabi. Wani ne ya buɗe da haƙori, haƙorin ya ɓalle.

Ranar ta jera yaran a falo. Maigidan da kansa ya riƙe tocila, fuska a murtuke, baki gum, yana nuni da yatsa: buɗe, na gaba. Babban lafiya lau. Ta tsakiyar lafiya lau. Auta giɓinsa na famfara ne, kowa ya san shi, amma shi aka hana kallon talabijin, tunda ya fi kowa kwaɗayi.

To in ba na gida ba ne, na wane ne? Ta canja kwaɗon ƙofa. Ta dinga leƙen bakin mai gyaran famfo. Ta ba maƙwabciya dariya da gangan don ta ga jerin haƙoranta na gaba. Maigidan ma abin ya ci masa rai. Mutumin da fararen haƙoransa suka sace zuciyarta tun tana budurwa, ga shi ya daina dariya, sai "uhm" daga bayan jarida, shayinsa ma a ɗaki yake sha shi kaɗai. Har tausayi ya ba ta.

Da abin ya ishe ta, ta ɗauki guntun sai wurin likitan haƙorin da ke duba mata yara.

"Likita, don Allah duba min, na babba ne ko na yaro? Ɓarawo ke shigar min gida."

Ya juya shi a ƙarƙashin fitila. "Maman yara, wannan ai ba haƙori ba ne, ciko ne. Da laushinsa yake zuwa kamar ƙullu. Sai mu zaɓi launin da ya dace da haƙorin mutum, mu gina kaɗan-kaɗan, mu haska shuɗiyar fitila ya daskare. Ko matar mutum ba ta ganewa. Yana tauna abinci, amma ba ya shiri da murfin kwalba. Kin ga gefen nan da ya yi ja? Mai shi ba ya wasa da shayi."

"Oh ni 'yasu! Ɓarawon har da zuwa asibiti?"

Likita ya danne dariya, ya naɗe guntun a auduga ya miƙa mata.

"Aikin hannuna ne. Ki ce wa maigidan ya daina ɓoye baki ya zo in mayar masa, wannan ne karo na uku."