Kwano Ɗaya a Sharafiyya

Tun da Lawali ya fara neman Ikilima, ba ta taɓa kai loma baki a gabansa ba, don kunya irin ta 'yan matan Damagaram. Yau a gidan abincin 'yan Filifin da ke unguwar Sharafiyya a Jidda, yana ta jujjuya takardar abinci, yana jiran amsarta kan maganar aure.

"Ruwa, kamar kullum?" ya tambaya, kansa a ƙasa.

Ta daɗe tana murza bakin mayafinta, sannan ta dubi ma'aikaciyar.

"Sinigang, miyar tsamiyar nan, da shinkafa. Kwano ɗaya, cokali biyu."

Lawali ya ɗago.

"Ina kunyar?"

"Ta ƙare," ta ce a hankali. "Tunda zan shekara ina ci a gabanka, gara in fara yau."