Kyamarar Cha'ibu

Kyamara ta uku ke nan Nasiru ya ɗora bisa tebur a gaban Ƙadri.

Shagon ɗan ƙarami ne, a bayan tashar Tessaoua, inda masu ɗaukar biki da suna ke zuwa haya ko saye. Nasiru, mai shagon, ya saba da samari masu surutu. Wannan kuwa manomi ne daga Attantané, hannunsa duk kanta, tun hantsi yake zaune yana juya kaya.

"Wagga ita ce uwarsu," in ji Nasiru. "Da irinta ake yin fim. Ko ƙuda ya sauka bisa hancin ango, sai ka ga ƙafafunshi."

Ƙadri ya tambaya ko ɗan gilashin da ke gefenta yana juyowa gaba. Nasiru ya juyo masa da shi. Sai ga fuskar Ƙadri tar: jan ido, furfura biyu a saje, da tabon haɓa da jaki ya bar masa tun yana ɗan shekara bakwai, har sawun ɗinkin ana gani. Ya kife ta a hankali.

"Babu wadda ba ta kai wagga gani ba?"

Nasiru ya yi dariya. Tunda ya buɗe shago ba a taɓa yi masa wannan tambaya ba.

Ba don kansa Ƙadri ya zo ba. Saƙon mahaifiyarsu ne, Inna Hamida, kuma kyamarar ta wansa ce, Cha'ibu. Shekara ɗaya ce tsakaninsu, suna yara har makwabta kan kira wannan da sunan wancan. Shekara shida ke nan da Cha'ibu ya tafi haƙar zinariya Jado, inda waya ba ta shiga. Abin da ke isowa gida ɗan katin bidiyo ne, bayan wata uku ko huɗu. Ƙadri ne ke kawo shi, a sa a telen makwabta don a kalla, a shimfiɗa wa Inna tabarma.

Hoton kullum dishi-dishi yake. Mutum ne zaune gaban tudun rairayi, ya naɗe fuska da rawani saboda ƙura, iska na cinye rabin maganarsa. Yakan gaida kowa da sunansa, ya yi barka da haihuwar da aka yi, ya ce Inna ta rage fita rana. Ita kuwa yanar ido ta rufe mata gani, inuwa kawai take gani. Inuwar ta ishe ta. Takan yi mako guda tana cin tuwo da daɗi.

Bayan girbi likitoci suka zo Mayahi suna aikin ido kyauta, aka cire mata yanar. Ranar da aka kwance bandejin ta zura zare a allura da kanta, gida ya cika da guɗa. Ƙadri ya fita gona bai dawo ba sai la'asar.

Da kati na gaba ya zo, ta matsa har hancinta ya kusa taɓa gilashin.

"Idona ya warke, saura abin ɗaukarshi," ta ce. "Ka sai mashi mai kyau. Kuma ka aika mashi ya kware rawanin nan. Tarin ga ba zai bar ni in ga wata damina ba, Ƙadri. Fuskar ɗana nike so in gani."

Ya ce ƙurar can na kashe kaya masu tsada. Ya ce direbobi ba su da amana. Ba ta yi masa gardama ba. Ranar kasuwa ta kwance saniyarta ɗaya tilo da hannunta, ta miƙa masa igiyar.

Nasiru ya zaro wata tsohuwar kyamara daga ƙarƙashin tebur, ya hure mata ƙura. Hotonta kamar ana leƙe ta cikin hayaƙi. Ƙadri ya daɗe yana riƙe da ita. Amma matar da ke zura allura ba za a nuna mata hayaƙi a ce saniyarta ce ta sayo shi ba.

Ya ajiye ta, ya nuna ta ukun.

"Ka haɗa min da ƙafarta. Kuma tana ɗauka ko babu kowa bayanta?"

"Danna nan kawai, jar fitila ta kama."

"To, madalla. Can kowa na cikin rami, babu mai riƙe ma wani."

Nasiru ya naɗe masa kayan, ya ce Allah ya kai su lafiya. Ƙadri ya amsa da amin, muryarsa can ciki.

A tasha motar arewa na lodi, ana ɗaure buhuna da jarkoki. Ya tsaya a inuwar itacen bedi da kwalin a hammata. Direban ya tambaye shi ko da saƙo. Ya girgiza kai. Yana tsaye har motar ta tashi, ƙurarta ta kwanta.

Kafin rana ta yi sanyi ya sauka daga kabu-kabu a wani tudun rairayi, tafiyar rabin awa da Attantané. Ya kafa ƙafar, ya danna, jar fitila ta kama. Ya zagayo gaba ya zauna, rawanin na kan cinyarsa, tafin hannunsa na rufe da haɓa. Sau uku yana buɗe baki. Sannan ya sauke hannun, ya ce, "Inna, ni ne Cha'ibu," kamar yadda ya saba faɗa shekara huɗu ke nan, tun ranar da aka aiko masa da rawanin, aka ce rami ya rufta da wan nasa.