'Yan Haya a Layin Baya

Ranar Talata, sha huɗu ga Maris, da ƙarfe bakwai da kwata na safe, wata babbar mota mai rufin tamfol ta tsaya a bakin kasuwa ta kwashi 'yan dako arba'in da ɗaya. An ce musu aikin sauke kaya ne. Sai da aka ɗaga tamfol suka ga ashe a cikin bariki suke.

Sajen sito ne ya yi musu bayani, bai ɓoye komai ba. Da ƙarfe goma sha ɗaya kwamitin majalisa zai zo ya ga sojojin bataliyar da idonsa, domin bana ma tsaro ne ya kwashi kaso mafi tsoka a kasafin kuɗi, kuma surutu ya yi yawa. A takarda bataliyar cike take. A fili kuwa, mutum arba'in da ɗaya ba su dawo daga daji ba tun bara, albashinsu dai bai fasa fita ba.

"Kaki za ku sa, a kira suna ku amsa, a sallame ku," in ji Saje. "Mai gardama kuma akwai ɗaki a baya. Can zai zauna sai mun tono asalinsa."

Ya baza katunan shaidar sojojin da ba su dawo ba a kan tebur, ya dubi hoto, ya dubi fuska, ya miƙa. Shi kwanan nan aka kawo shi, mutanen nan a kati kawai ya san su. Da ya zo kan wani dogo mai gemu, wanda 'yan dako ke kira Kurma saboda rashin maganarsa, sai ya yi dariya.

"Wannan ai ko uwar mai katin sai ta rantse. Wanzami, sauke masa gemun nan."

Wanzamin, wanda aka shigo da shi ya yi wa 'yan dako aski, wata shida ke nan da kafa rumfarsa a ƙofar bariki, amma babu labarin da bai wuce ta kunnensa ba. Yana wasa aska yana zuba.

"Ka san yadda aka yi da bayin Allahn nan? Gada aka ce su tsare, harsashi ashirin-ashirin."

"Tara," in ji Kurma.

"Au, ashe da baki. Wa ya gaya maka?"

"A kasuwa na ji."

"To, ɗaga haɓa kada in rage maka maƙogwaro."

Ta tagar sito ana hango ƙofar bariki. Mata sun fi goma a tsaye a wajen, kowacce da takardu a cikin leda. Wanzami ya nuna da aska.

"Ga matar mai katinka can, mai shuɗin mayafi. Wata goma sha uku tana sintiri. So take a rubuta mata cewa mijinta ya rasu, a ba 'ya'yanta uku haƙƙinsu, ita ma ta san matsayinta. Yau kana amsawa an rufe maganarta. Wa zai biya haƙƙin mamaci ga wanda ya amsa suna a gaban majalisa?"

Kurma bai dubi tagar ba. Ya juya kujerar da kansa, ya fuskanci bango.

Aka rarraba kaki da takalma. 'Yan dako suka yi ta fama da igiyar takalma, wani ya sa ɗamara a juye, Saje yana zaginsu ɗaya bayan ɗaya. Kurma ya riga kowa gamawa. Ya ja hular har gira, ya zauna yana kallon ƙasa.

An jera su a layin ƙarshe, aka gargaɗi sojojin gaba kada wanda ya waiwaya. Shugaban kwamiti ya yi jawabin minti goma sha biyu a kan cewa kuɗin talaka ba zai tafi a banza ba. Sannan aka fara kiran suna da lasifika, yadda har na wajen katanga suna ji.

Da aka zo kan katin Kurma, ya amsa can ƙasan maƙoshi.

"Ban ji ba," in ji shugaban. "Sojan nan ba ya cin abinci ne? A sake."

Aka sake kira. Saje ya waiwayo ya zuba masa ido. Ɗakin baya yana hannun hagu, ƙofar bariki tana hannun dama, kuma duka biyun Kurma yana ganinsu ba tare da ya motsa kai ba. Gumi ya gangaro ta inda aska ta bi. Ya buga diddige, ya miƙe ƙirji, ya amsa da muryar da ta tsallake katanga.

"Yauwa, irin waɗannan muke so," in ji shugaban, ya sa alama a takardarsa.

A bakin ƙofa matan suka ci gaba da roƙon a bar su su ga kwamiti. Murya ɗaya ce kawai ta ɗauke daga cikinsu, ta mai shuɗin mayafi.

Da ƙarfe ɗaya saura kwata kwamiti ya sa hannu cewa bataliya cike take, kuma kasafin ya tafi inda aka nufa. Motocinsu suka fita. Matan suka watse. 'Yan dako suka tuɓe kaki, aka sallame su, suka fita biyu-biyu suna shafa kai suna dariya. Barikin ƙofa ɗaya gare shi.

Da la'asar waɗanda suka rage su ne: Saje, yana tattara huluna, wanzami, yana share gashi, mai shuɗin mayafi, riƙe da ƙarfen ƙofa, ba ta ko ƙifta ido, da Kurma, tsugune a bayan sito, wanda bara ya bar abokansa a gada ya gudu, kuma yau shi kaɗai a layin baya ya amsa sunan da ubansa ya raɗa masa.