Ƙwai a Sheƙar Marai

Hindu ta sake naɗe hannun hagun jaririn da zane, karo na uku tun safe. Gobe suna, yau kuma surukarta za ta iso daga Shinkafi.

Duk unguwarsu a Kaura Namoda an san tagwaye Hindu ta haifa. Mutum uku kaɗai suka san ɗaya ne nata: ita, mijinta Wakili, da ƙanwarta Kubra. Shekara uku Kubra na zaune gidansu tun rasuwar mijinta, sai ga ciki. Shari'a kuwa tana sabuwa fil a Zamfara, kuma zancen da mata ke yi a bakin rijiya shi ne, bazawarar da ta haihu ba miji, jifa ce. An yi juyin duniya Kubra ta faɗi uban, ta ƙi, sai kuka.

Wakili ne ya kawo dabara. Ya ɓoye Kubra a ƙuryar ɗaki, ko ungozoma bai bari an kira ba, Allah kuma ya sa haihuwar ta zo kwana ɗaya tsakani. Ya sayo raguna biyu manya. Hindu ta yi ta godiya ga Allah da ya ba ta miji mai rufa asirin danginta.

Tsuntsayen marai sun yi sheƙa a bishiyar tsakar gida, kuma duk sanda Hindu ta dube su sai gabanta ya faɗi. Tana yarinya, a gonarsu ta Zurmi, babanta ya nuna mata wani tsuntsu mai zuwa da damina, wanda bai taɓa wahalar saƙa sheƙa ba. Ya faki idon mai sheƙa, ya jefar da ƙwai ɗaya, ya saka nasa, ya yi gaba. Ita kuwa baiwar Allah ta ƙyanƙyashe, ta yi ta ciyar da ɗan da ya fi ta girma. "Asirin ga kama yake," in ji Baba. "In bai yi kama ba, waje taka jefa shi."

To, ɗan Kubra bai yi kama ba. Ya zo da cindo, ɗan yatsa na shida yana reto a gefen hannu, abin da Hindu ba ta taɓa gani a danginsu ba. Surukarta Iya Hamida kuwa tsohuwar ungozoma ce, idonta ba ya kuskure, bakinta ba linzami.

Da azahar ta yi sallama. Wakili ya tsaya bakin ƙofa yana murza tsohon tabon da ke gefen hannunsa, wanda ya ce na lauje ne, kamar yadda ya saba in hankalinsa ya tashi. Kubra ta shige madafa.

Tsohuwa ta ɗauki ɗan Hindu, ta juya shi, ta taɓe baki. "Wanga naku na, mutanen Zurmi." Ta miƙa hannu ga na biyun.

"Iya, barci yakai."

"Ba ni shi, ke dai."

Ta kwance zanen. Ta buɗe ɗan hannun, ta ƙura masa ido. Hindu ta runtse ido tana salati, tana ganin Kubra a gaban alƙali.

Sai ta ji guɗa.

"Wanga kam namu na! Cindo! Haka ubanai Wakili yaz zo da shi, ga wanga hannu, ni da kaina na ɗaure shi da zare har yaf faɗi. Ba ga tabon nan ba?"