Matakala Talatin da Biyu

Ofishin tallafa wa naƙasassu yana hawa na biyu, kuma babu lif. Wanda ya tsara haka ya ci a ba shi lambar yabo ta rashin kunya.

Shekara tara ke nan da manna dokar a bango: duk mai karɓar tallafi ya hau sama da kansa sau ɗaya a shekara a tantance shi, wai ko ƙafar da aka yanke ta sake tsirowa. Ba wakili, ba a saukowa da takarda, kuma an hana maigadi ɗaukar kowa. Yau ce ranar ƙarshe. Wanda ƙarfe biyu ta yi bai hau ba, an soke sunansa.

A gindin matakalar, wata mai saƙa da shan inna ya naƙasa tun yarinta tana naɗe tsumma a gwiwoyinta. Da rarrafe take hawa duk shekara. Kusa da ita akwai wani dattijo a keken guragu sabo fil, ɓarin jikinsa ya shanye, rigarsa ta sha guga.

"Baba, kai sabon zuwa ne ko? Kar ka karaya, matakala talatin ce kawai."

"Talatin da biyu," ya ce, bai ɗago kai ba.

"Oho dai. Ni kam Allah ya isa tsakanina da Mai Jan Biro."

Haka suke kiran ogan da ya kafa dokar, don da jan biro ya sa hannu. Ba wanda ya taɓa ganin fuskarsa cikinsu. Mutum ya rarrafa har sama, sai ya tarar da akawu a taga, shi kuwa gogan yana ƙuryar ciki yana shan sanyin fanka.

"An ce cewa ya yi in an sauƙaƙa mana, 'yan ƙarya za su cika layi. Baba, ka ce amin mana!"

Dattijon ya dafe aljihun rigarsa da hannunsa mai lafiya.

Ta fara hawa tana nishi. Ya bi ta da kallo har ta sha kwana. Ɗaya da rabi ta wuce. In aka soke shi, maganinsa ya yanke, kuma ya san ba a ɗaga ƙafa a nan.

Can sai ga tsohon masinjan ofishin yana saukowa da kofunan shayi. Dattijon ya haɗiye girman kai ya kira shi.

"Don Allah ka sauko mini da takardar in sa hannu. Minti biyu ne."

Masinja ya rusuna kamar yadda ya saba, ya ce cikin ladabi, "Yallaɓai, wane ni in karya dokarka? Ai ga biron nan ma har yanzu a aljihunka."