Injin da Ya Iya Lissafi

A 1996 tsofaffin ɗalibai suka ba wata sakandaren mishan a Kafanchan kyautar kwamfuta. Firinsifal, Mista Gregory, ya sa aka ɗinka mata rigar leshi. Malamai kuwa sai sun cire takalmi kafin su shiga ɗakinta, abin da ko a coci ba sa yi.

Madam Emilia, wadda ta shekara ashirin tana buga tafireta a makarantar, ita aka tura Kaduna kwas na mako biyu. Ta dawo ta kama buga tambayoyin lissafi. Idan firinta ta gama kukanta, sai ta ɗauki takardar ta shige sito, ta ce sai tawada ta bushe. Bayan awa guda a kai fotokwafi.

Takardun kan fito tsaf, kowace alamar lissafi zaune daram a wurinta. Mista Gregory ya riƙa yawo da su a taron firinsifoli yana cewa hannun ɗan Adam ba zai iya wannan ba. Suka gamsu, suka ba shi buga jarrabawar gwaji ta makarantu tara.

A nan ne ya gano Madam Emilia ta cika nawa. Ya kawo ƙanin matarsa, Henry, mai satifiket a cikin firam.

"Sa, akwai abin da ya kamata in nuna masa," in ji ta.

"Madam, inji ya san aikinsa. Ki je gida ki huta."

Ta tafi ta huta.

Henry ya buga tambayoyin lissafin, bai jira bushewar komai ba. Mista Gregory ya sa hannu bai karanta ba, dama shi da lissafi sai gaisuwa daga nesa.

Ranar jarrabawa ɗalibai ɗari tara suka buɗe takarda. Kowace tambaya ta fara da Turanci mai kyau, ta ƙare da fili fari fat. Kafin ƙarfe goma, baburan firinsifoli takwas sun cika ƙofar ofis.

Aka ɗauko makaniken kwamfuta, Meshak, daga Kaduna.

"Matar nan ta lalata mini inji kafin ta tafi," in ji Mista Gregory. Ya zaro asalin takardar bara daga fayil. "Dubi yadda yake bugawa a da!"

Meshak ya ɗaga ta wajen taga. Ya lashi yatsa ya goga kan wata alama, ta dame.

"Oga, injinka lafiyarsa ƙalau. Irinsa bai taɓa iya buga alamar lissafi ba. Waɗannan duka da biro aka zana su."