Fedar da Ta Juye

Mai gyaran bai jira a nuna masa hanya ba. Uwar gida na buɗe ƙofa ya wuce falo, ya karya hagu, ya tsaya a gaban fiyanon lantarki kamar shi ya ajiye shi a wurin.

Matar ba ta damu ba. Jiya ta kira shagon gyara ta zazzage musu kwandon masifa, har gilashin taga yana amsawa, yau ga mutum da wuri. Wanda ruwa ya ci, ko takobi aka miƙa masa kamawa zai yi. Jibi 'yarta Auta za ta yi jarrabawar shiga makarantar kiɗa, fedar fiyanon kuwa ta haukace. In yarinyar ta taka, sauti ya mutu. In ta ɗaga ƙafa, ya yi ta jan zare, wannan na hawa kan wancan kamar kasuwa ta cika.

Mutumin dogo ne, idanu jajaye, silifa a ƙafa. Sukundireba ɗaya ce tal a jakarsa, ita ma bai taɓa ta ba.

"Ƙafarki na kan feda kike kunna shi," ya ce wa Auta.

"Ni? Haba Baba, wallahi ban..."

"Na san ƙafar nan."

Ya kashe na'urar, ya zare wayar fedar, ya mayar, ya kunna babu mai taka komai. Auta ta gwada. Sauti ya ja inda ake so, ya tsaya inda ake so. Uwar ta yi ajiyar zuciya, ta shiga sa masa albarka har da iyayensa.

Gyara ya ƙare, mai gyara bai ƙare ba. Ya shiga saiti yana danne-danne, yana leƙa wayarsa. Ya rage kaurin sauti, ya kashe amon da ke mai da falo zauren taro, ya ƙara wa madannai nauyi yadda ko da taɓarya aka doke su ba za su yi ihu ba. Ya janye fiyanon daga bango. Ya nemi tsohon bargo, ya ninke shi, ya cusa ƙarƙashin feda da ƙafafun duka.

"Umma, ba na jin komai fa!"

"Alƙalan jarrabawa ba kurame ba ne," in ji shi. "Kuma wurin nan da kike tuntuɓe a tsakiyar waƙa, ki bar komawa farko. Wuce abinki."

Auta ta kalli uwarta.

"Kin ga masana? Daga ganin yatsunki ya gane. Rufe mini baki."

A bakin ƙofa ya juyo, fuska ba yabo ba fallasa.

"Irin wannan ba ya shiri da rana. Daga safe zuwa yamma kada a kunna sai da abin kunne. In aka saɓa, fedar ta sake juyewa, ba ruwana."

"Har bayan jarrabawa?"

"Musamman bayan jarrabawa."

Uwar da kanta ta ɗauko abin kunnen ta ƙwama wa Auta a ka. Makomar 'yarta ba abin wasa ba ce.

A matakala ya yi kiciɓis da wani kakkauran mutum mai kayan aiki, yana haki, yana tambayar gidan masu fiyano.

"An riga an gyara. Koma."

Ya jira mutumin ya fita, ya sauka hawa ɗaya, ya buɗe ɗakin da ke daidai ƙarƙashin falon su Auta, ya rataye rigarsa ta gadin dare, ya kwanta, kuma a karon farko tun da aka sayo wa Auta fiyano, barci ya ɗauke shi.